Yadda Ake Cin Moriyar Sola a Gida

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, tayar da janareta kowane dare ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, sannan a Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Mutanen Nijar ma sun ɗanɗana tasu lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta a Agustan 2023. Shi ya sa yau idan ka hau bene a Kano ko Katsina ko Maraɗi za ka ga farantan sola jere a kan kwanon gidaje, har a unguwannin da a da ba a san ta ba sai a rijiyar burtsatsen masallaci. Kuɗi masu yawa ne suke hawa rufin nan, wasu da bashi aka haɗa su, wasu da adashi. Don haka abin yana damuna idan na ji ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu sola: wuta na ɗaukewa ƙarfe biyun dare, batir kuma ya mutu tun bai cika shekara ba. Wani lokaci laifin kayan ne. Amma galibi an sa sola ne aka ci gaba da shan wuta yadda aka saba shan ta NEPA, alhali halinsu ba ɗaya ba ne.

Wutar NEPA idan ta zo ba ruwanta da ƙarfe nawa ne. Ita kuwa sola tana da lokacin yalwa da lokacin ƙunci a kowace rana ta Allah. Daga hantsi zuwa la'asar wuta ce mai yawa ke saukowa kai tsaye daga farantai. Daga magariba zuwa wayewar gari, duk abin da aka kunna batir yake tatsa, batir kuwa shi ya fi komai tsada a cikin kayan, shi kuma ya fi saurin lalacewa. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Batir mai ruwa idan ya samu kulawa yakan yi uku zuwa biyar, idan bai samu ba ko shekara ba ya kaiwa. Saboda haka gidan da ke son kayansa su daɗe sai ya mayar da aiki mai nauyi zuwa tsakar rana, ya bar wa batir abin da ba shi da nauyi da dare.

Ɗan lissafi zai fito da maganar fili. Yunit ɗaya, irin wanda mita ke ci, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ƙasar Hausa, idan aka tattara hasken yini guda, yakan kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, rabon da ƙasashe da yawa ba su samu ba. A ɗauki gida mai faranti huɗu, wat 400 kowanne, wato wat 1,600. A ninka da awa biyar da rabi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zafi da ƙura da waya ke cinyewa, za a samu wajen yunit shida da rabi a yini. Gidan yana da batir mai ruwa guda biyu, 200Ah da bolt 12 kowanne. A rubuce suna ɗaukar yunit 4.8, amma rabi kaɗai ya kamata a sha, wato 2.4. Mayar musu da wannan rabin zai ci wajen yunit uku daga abin da farantai suka kawo. To sauran uku da rabin fa? Idan ba a kunna komai da rana ba, babu inda suke zuwa. Da batir ya cika, kwantarola, wato na'urar da ke tsakanin farantai da batir, sai ta rage abin da take karɓa, rana ta ci gaba da dukan gilashi a banza. Gidaje da yawa suna zubar da rabin wutarsu da azahar, sannan su kwana cikin zafi suna zagin mai haɗin.

Wannan rarar ita ce za a yi wa dabara. Tsakanin ƙarfe sha ɗaya na safe da uku na rana ake tayar da injin burtsatse a cika tanki. Ruwan da ya hau tanki da azahar wuta ce aka adana ba tare da an taɓa batir ba, don da dare nauyinsa ne zai sauko da shi famfo. Haka firiza: a cika gefenta da robobin ruwa, a bar ta ta yi aiki yini guda su daskare, a kashe ta bayan magariba. Firiza mai buɗewa ta sama, idan tana ɗauke da ƙanƙara kuma ba a yawan ɗaga murfinta, takan riƙe sanyinta har gari ya waye. Guga, injin wanki, markaɗe, cajin waya da kwamfuta da fitilu da fankoki masu caji, duk a wannan tsakanin ake yin su. Sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen 750, kuma a daidai lokacin tashinsa yakan ja ninkin haka sau da yawa. Idan aka haɗa su lokaci guda, abin da farantai ba su iya bayarwa ba daga batir za a cike shi, ko inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma ta gida, ta yi ƙara ta ɗauke.

Kada kuma a yi gaggawar farawa da sassafe. A bar wa batir awannin farko ya sha nasa. Batir mai ruwa yana cika da sauri har zuwa wajen kashi 80, sannan ragowar sai a hankali, cikin awanni. Wannan ragowar ita ce lafiyarsa. Batirin da kullum ake hana shi kai wa ƙarshe, wani farin gishiri ke taruwa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa ya ƙanƙame, kuma idan ya ƙanƙame ba ya narkewa. Daga nan sai ka ga ya nuna ya cika cikin awa biyu, ya kuma ƙare cikin awa biyu.

Akwai wani kuskure da nake ganin masu haɗa sola suna yi. Sukan gama aiki su yi wa maigida bayani a tsaye a ƙofar gida, su karɓi cikon kuɗinsu su tafi. Alhali maigida yana kasuwa ko ofis a daidai awannin da ake da wutar. Uwargida ce ke gida, ita ke sanin lokacin guga da wanki da cika tanki. Ita ya kamata a zaunar a nuna wa allon inbata: ga inda ake ganin abin da farantai ke kawowa, ga inda ake ganin abin da gida ke ci, ga cikar batir. Idan ta iya karanta lambobin nan uku, ita da manyan yara, an gama rabin aikin.

Yanzu a dubi dare. Fankar sama irin wadda muka saba da ita tana cin wat 70 ko kusa da haka. Guda uku, daga ƙarfe tara na dare zuwa shida na safe, sun cinye kusan yunit 1.9. A ƙara ƙwan fitila shida masu wat 10, da talabijin da dikoda, da abin da ita kanta inbata ke ci, an haura yunit uku. Batir kuwa 2.4 muka ce ya kamata a sha. Wannan giɓin shi ne ɗaukewar ƙarfe biyun dare. Mai shago zai ce a ƙaro batir biyu. Ni shawarata a fara da canza fanka. Akwai fankokin sama na zamani, waɗanda ake rubuta wa BLDC a kwali, masu cin wat 30 zuwa 35 kuma suna ba da iska daidai da tsofaffin. Uku daga cikinsu ba sa cin yunit ɗaya a dare, sai lissafin ya sauko ƙasa da 2.4, kuma kuɗin fanka uku bai kai na batir biyu ba. Duk wat ɗin da aka rage daga kayan da ke kwana a kunne ya fi araha a kan wanda za a ƙaro a batir. Idan har yanzu akwai tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ko 100 a banɗaki ko zaure, a cire shi yau, LED mai wat 10 zai yi aikinsa.

Ita ma inbata tana da nata cin da ba a lura da shi. Babba mai 5kVA tana iya shan wat 40 zuwa 60 don kawai tana kunne, ko da ba a jona komai ba, wato yunit ɗaya ko fiye a kwana da yini. Wanda duk kayansa fanka ne da fitila da talabijin, ya sayi irin wannan don gudun raini, ya ɗauko wa batirinsa ƙarin baki ne. A sayi inbata daidai nauyin gida, a tambayi nawa take ci idan ba ta ɗauke da komai, kuma a tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce irin wadda firij da fanka ke so. Mai arahar nan da ke sa fanka gurnani tana gajiyar da duk abin da ke da inji a ciki.

Hitar ruwa, butar lantarki da risho mai lantarki ba abokan batir ba ne, kowannensu yana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Dafa ruwa da dare aikin gas ne ko gawayi. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, idan farantai sun isa, a kunna ta da rana ta sanyaya ɗakin da bangonsa, a kashe ta da faɗuwar rana a koma fanka. Kwana da ita sai mai babban batirin litiyom.

Kula da batir mai ruwa yana da sharuɗɗan da ba a yi musu sassauci. Na farko zurfin sha. Batir mai bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7, idan ya kai rabi ya nuna wajen 12.1 ko 12.2. Inbatoci da yawa daga kamfani an saita su ne kada su ɗauke sai ya sauka 10.5, lokacin an tatse shi tas. A sa mai haɗin ya ɗaga wannan iyakar zuwa wajen 11.8 ko 12 ga kowane batir. Za a ga kamar an rage awannin wuta, amma shekarun batir aka ƙara. Na biyu zafi. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kwanansa da wajen rabi. A Afrilu da Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40. Wanda ya ajiye batir a ɗakin ajiya mai rufin kwano ba silin, ba taga, ya san abin da ya jawo. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, inda iska ke ratsawa, a ɗora shi a kan katako ko teburin ƙarfe. Kada ya zama ɗakin kwana, don lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma kada a kusance shi da ashana ko sigari. Na uku ruwa. A duba shi kowane wata, da bazara ma fiye da haka, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Ban da ruwan leda, ban da na rijiya, ban da asid. Ruwan ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan inda yake. Na huɗu, ba a haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Wanda ke da hali, litiyom irin LiFePO4 ya fi sauƙin zama da shi. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure cika da saukewa sau dubbai, ba ya buƙatar ƙarin ruwa, kuma bai damu ba idan bai cika kullum ba. Guda ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗaukar yunit biyar da ɗoriya, abin da za a sha daga gare shi ya kusa na batir mai ruwa huɗu masu 200Ah. Tsadarsa a ranar saye take. Sai dai kasuwa ta cika da waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa musu sabon akwati, don haka a sayi mai takardar garanti daga shagon da za a iya komawa, a kuma tabbata an saita inbata a kan litiyom, domin yadda ake cajinsa daban yake. Shi ma ba ya son zafi.

Sai rufi. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, Kaduna 10 da rabi. Saboda haka farantai kudu suke fuskanta, da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana hannun damansa. Ba a tayar da su tsaye sosai kamar yadda ake gani a hotunan Turai, domin a wajenmu daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tsaka takan ɗan koma ta arewa. Ba a kuma shimfiɗa su kwance, don ƙura da ruwa za su zauna a kai. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu da kwano iska ta riƙa wucewa. Faranti haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake: duk digiri ɗaya sama da 25 yana cire masa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, kuma da bazara jikinsa yakan kai 60 ko fiye. Wanda aka manna a jikin kwano ya fi haka gasuwa.

Inuwa ta fi ɓarna fiye da yadda ido ke gani. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar 'yan guga masu miƙa wa juna bokiti, idan ɗaya ya tsaya duk layin ya tsaya. Inuwar tankin ruwa, ko dish, ko reshen dalbejiya, ko kashin tattabara a kan 'yan ƙwayoyi kaɗan tana iya kashe sulusin faranti, ta kuma rage wa sauran da ke layinsa. Kafin a kafa, a hau a duba wurin ƙarfe tara, da sha biyu, da uku. A tuna cewa a Disamba rana ta fi karkata kudu, don haka tanki ko bene da ke kudu da farantai, wanda bai dame su ba a Yuni, zai iya rufe su da hunturu.

Hunturun kuma shi ke zuwa da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso ta daga Hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rage hasken sama ta kuma kwanta a kan gilashi. Ta sama ba yadda za a yi da ita, ta gilashi kuwa wanki ne maganinta, sau ɗaya a mako a wannan lokacin. A wanke da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Zuba ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa yana iya tsaga shi. A fara kwarara ruwa ya sauke yashin, sannan a bi da tsumma mai laushi ko soso a kan sanda. Goge shi a bushe karce shi yake yi. Ba a sa omo, ba a taka shi da ƙafa, kuma ba a tura ƙaramin yaro rufi shi kaɗai. Wanda ke shakkar amfanin wankin, ya duba allon inbata da azahar kafin ya wanke, ya sake dubawa washegari a daidai lokacin.

Wajen saye, a tafi da tef na awo. Faranti na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, mai wat 550 yakan kai wajen mita 2.3 a tsawo da 1.1 a faɗi. Idan aka nuna maka wanda bai kai haka ba sosai amma an manna masa takardar 550, takardar ce aka canza. Kwantarola kuma iri biyu ce. PWM mai araha tana janyo ƙarfin faranti ƙasa zuwa na batir, ta yadda babban faranti mai wat 400 a kan batir mai bolt 12 ba zai ba da ko rabin abin da yake iyawa ba. MPPT tana juya rarar ta koma caji. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu, ta jabu kuwa sakayau take, sunan kawai aka rubuta. Kowacce tana da iyakar bolt da take ɗauka daga farantai, kuma bolt ɗin faranti yana ƙaruwa da sanyin asubar hunturu, don haka kada a jera su har bakin iyakar.

Waya ma wurin asara ce. Wat 1,200 a kan bolt 12 yana jan amfiya 100, a kan bolt 48 kuwa 25 kaɗai, shi ya sa gida mai nauyi gara ya yi tsarin 24 ko 48. A sa waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, a gajarta tsakanin batir da inbata. A kankare bakinta da wuƙa, idan cikin ya fito fari to alminiyom ce aka shafa wa launi. Wayar da aka taɓa da azahar aka ji ta da zafi, wutar gidan take ƙonawa, wata rana kuma gobara ce.

Kada a bar mai haɗi ya tafi sai an ga fis ko bureka ta musamman ta batir a kusa da shi, da wata tsakanin farantai da kwantarola, domin irin ta wutar gida ba ta dace da wannan aikin ba. A ga sandar ƙarfen da aka binne a ƙasa aka haɗa ta da firam ɗin farantai da inbata, da na'urar kare tsawa. A ga canjin layi wanda zai hana wutar inbata komawa wayar NEPA. A ga an ɗaure farantai da kusoshi masu noti, an toshe ramukan kwano, domin iskar farkon damina da ke yaye rufi ba za ta bar abin da aka ɗaure da waya ba. Idan za a kwance kwantarola, farantai ake fara cirewa sannan batir, wajen mayarwa kuma batir ake fara jonawa.

Agusta shi ne watan da sola ta fi rauni, hadari kan rufe sama kwanaki a jere. A irin ranakun nan a ɗage guga da wanki, idan NEPA ta kawo a bar ta ta cika batir, a tabbata mai ruwa ya cika tam aƙalla sau ɗaya a mako ko da janareta ne. A ajiye ɗan littafi kusa da inbata a riƙa rubuta abin da batir ya nuna da magariba da kuma da asuba. Idan lambar asuba ta fara sauka alhali ba a ƙara kaya ba, kafin a nufi kasuwa a duba ƙura, a duba sabuwar inuwa, a duba ruwan batir, a ƙara ɗaure kawunansa a goge farar tsatsar da ta taru. Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a auna kowane batir shi kaɗai da mita yayin da gida ke shan wuta. Wanda ya nuna ƙasa da 'yan'uwansa sosai shi ne mai ciwon, kuma gara a gano shi kafin ya kwantar da sauran.